Faya-fayan Hamisu a Gonar Gero

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Hamisu Injiniya makwancinsa a Karaye. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru, don mutum ne da ba ya son yabo ko da yana raye. Bana ma da shirun zan yi, ba don abin da idona ya gani a wata gonar gero a Kurugu ba. Tun ranar raina yake a ɓace, kuma cikin waɗanda nake jin haushinsu har da ni kaina. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni tsohon malamin makaranta ne, ina zaune a Rogo. Da ni da Hamisu tun firamare muke tare. Ni na bi alli, shi ya bi gyaran rediyo, ya buɗe ɗan shago kusa da kasuwar Karaye. Sunan Injiniya mutanen gari ne suka ba shi, ba wata makaranta ba. Da gyaran rediyo yake ci da iyalinsa, amma abin da ya ba wa zuciyarsa shi ne ɗaukar murya. Ya ɗaure rikoda a bayan keke, daga baya a bayan babur, ya shiga ƙauyuka. Ya ɗauki karatun alarammomi, ya ɗauki tsofaffi suna ba da tarihin garuruwansu, ya ɗauki makaɗan gayya a Tudun Kaya, har waƙar daka ya ɗauka a gidajen da aka yarda masa. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Da zafi ya fara cinye kaset-kaset ɗin, sai ya zauna ya juye su ɗaya bayan ɗaya a kan faifan CD. Kowane faifai ya rubuta masa lamba kawai da baƙin alƙalamin maka, bayanin kuwa, wane ne, a ina, yana cikin wani kundi mai baƙin bango.

Lamba arba'in da ɗaya mahaifina ne. Alaramma ne a nan Rogo, kuma da ƙyar Hamisu ya shawo kansa ya yarda a ɗauke shi. Kusan awa guda yana tilawa a zaurensa. Ni a ranar ina ƙofar gida ina surutun siyasa da wasu abokai. A ƙarshen faifan, bayan ya shafa addu'a, ana jin tsohon yana dariya yana cewa, “Hamisu, ina abokin naka? Ce wa Balarabe ya shigo ya ji tsohonsa a cikin akwati.” Duk duniya shi kaɗai ke kirana Balarabe, kowa Bala yake cewa. Ban shiga ba a ranar, gardama ta yi daɗi. Bayan rasuwar mahaifina na sha zuwa shagon Hamisu in ce ya sa mini wannan ƙarshen. Shi kuma ya sha ce mini, “Bala, kawo faifai sabo in kwafa maka naka.” Ni kuma kullum amsata ɗaya ce: ai yana wurinka, ina zai je?

Yanzu bari in zo kan kayan sauraronsa, don a nan rigimar take. Hamisu ba ya wasa da kunnensa. Yana da wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu biyu ba, wanda masu sana'ar ke kira DAC. Ya bayyana mini cewa abin da ke kan faifai ba murya ba ce, lambobi ne zalla, kuma wannan ɗan akwatin ne ke mayar da lambobin su zama sauti. A kan wannan ya kashe abin da ya tara, ya sayi mai kyau. Amma abin da ke juya faifan ya karanto lambobin ya miƙa wa ɗan akwatin, wata tsohuwar DVD ce irin wadda ake kallon fim da ita a kowane gida, murfinta ma da salatif aka riƙe shi.

Wannan tsohuwar DVD ita ta tsaya wa Kabiru a rai. Kabiru babban ɗan Hamisu ne, ɗan kasuwa a Kano, Allah ya buɗa masa. Wata tafiya da ya yi ƙasar waje sai ya sayo wa mahaifinsa abin da ake kira tiransifot, wato na'urar da ba ta da wani aiki sai juya faifai da karanto lambobi, amma ta manyan mutane. Mutum biyu suka sauko da ita daga mota. Fuskarta ƙarfe ne mai ƙyalli, ƙafafunta huɗu masu tsini, idan ka taɓa maɓalli bakinta ya buɗe a hankali ba ƙara. Ni kam ina ganinta na sallama. Da aka sa faifai na rantse wa Hamisu cewa muryar ta fi fitowa, ta fi zurfi, har numfashin mai karatu ina ji.

Hamisu ya dube ni ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi. Ya ce, “Bala, idan an aiko maka da wasiƙa, mai karanta maka ita shi ne abin dubawa. Ɗan aiken da ya kawo ta, in dai ya kawo ta cikakkiya, ina ruwanka da rigar da ya sa?” Na ce ai na ji masana na cewa ɗan aiken kan iya yin sauri ko jinkiri a hanya, lambobin su iso ba a kan lokaci ba. Ya ce gaskiya ne, a da can ana fama da wannan, amma DAC mai kyau yana da agogonsa, yakan tara saƙon ya jera shi kafin ya furta. Ban yarda ba. Kabiru ma bai yarda ba.

Sai ya shirya mana jarrabawa. Bayan la'asar ne, a zauren gidansa. Ya rataya labule ya ɓoye na'urorin biyu a bayansa, ya ba kowannenmu kwano biyu da ɗan tsibin gyaɗa. Yana da faifan kasuwa biyu iri ɗaya. Zai shiga bayan labule ya sauya waya, ko ya yi kamar ya sauya, ya kunna. Idan kana jin ta Kabiru ce ka jefa gyaɗa a kwanon dama, idan tsohuwar ce ka jefa a na hagu, shi kuma yana rubutawa a takarda. Muka yi ta yi har aka kusa kiran magariba. Da ya karanta sakamako, abin kunya ne. Wuraren da na lumshe ido ina kaɗa kai ina cewa wannan kam ba shakka ta Kabiru ce, yawancinsu tsohuwar mai salatif ce. Kabiru bai fi ni ba. Da mun rufe ido mun jefa gyaɗar nan ba tare da mun saurari komai ba, da abin da za mu samu ke nan. Hamisu ya tattara gyaɗar ya raba mana muka cinye. Ya yi wa ɗansa godiya da addu'a, ya lulluɓe tiransifot da kyakkyawan zane don ƙura, ya koma kan tsohuwarsa. A wannan zaman ne ya faɗi maganar da ban riƙe ba sai yanzu. Ya ce shi ba akwatunan ne ke hana shi barci ba, faya-fayan ne, don irin waɗanda ake juyawa a gida ba sa son rana, ba sa son danshi, kuma kowanne guda ɗaya tak gare shi.

Ciwonsa bai daɗe ba. Bayan an yi arba'in aka zauna rabon gado, ni ma aka kira ni a matsayin amininsa. Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba, ba ni da ja da shari'a, kuma malamin da ya yi rabon ya yi da tsoron Allah. Mu da muka san kayan mu ne muka gaza. Dillalin da aka kira ya yi wa kaya ƙima ya ɗaga tiransifot ya ji nauyi, ya ce wannan ita ce dukiya. Ta faɗa rabon Kabiru, tare da takardun marigayi, ciki har da kundi mai baƙin bango. Ɗan akwatin DAC da tsohuwar DVD ya jujjuya su ya ce tarkace ne, Hajiya Binta, matar marigayin, ta ce a ba ni su in riƙa tunawa da abokina. Da aka zo kan faya-fayai, buhu biyu, dillali ya ce shi bai san kuɗin tsohon faifai ba. Sai wani ya kawo shawara a ƙirga su a raba, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Malam ya waiwayo ya ce, “Malam Bala, kai ka san su. Akwai abin da ya kamata mu sani?” Da na buɗe baki na ce a roƙi magada su bar su wuri ɗaya sadaka ga marigayi, na tabbata babu wanda zai ƙi. Amma kunya ta kama ni, kada a ce baƙo ya sa ido a kayan marayu. Na ce babu komai. Ina zaune aka riƙa ɗebo aikin shekara talatin ana tsibawa kamar albasa a kasuwa. Ko lamba arba'in da ɗaya ban iya tambaya ba. Na ce a raina idan ƙura ta lafa zan bi sawu. Ƙurar ta shekara bakwai tana lafawa.

Kwanakin baya Kabiru ya kira ni a waya. Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali, sai ya ce, “Baba, gardama ce ta kaure a wani zaurenmu na waya, na masu son kayan sauti. Wai idan mutum yana da DAC mai kyau, tiransifot mai tsada tana ƙara wani abu? Na tuna ku da mahaifina kun taɓa gwadawa.” Wai kun taɓa. Shi ya manta da nasa kwanon gyaɗar. Na ce masa zan yi tunani.

Mako biyu bayan haka na je suna Kurugu, gidan Ladidi, 'yar Hamisu ta uku. Gero ya nuna, tsuntsayen jan-baki sun addabi kowa. Muna tafe a babur sai na hango wani abu yana walƙiya a cikin gona, nan da can, yana juyawa da iska. Na saba ganin haka, manoma kan rataya tsofaffin faya-fayan fim don korar tsuntsaye. Amma da muka matso sai na ga baƙin maka. Na san yadda Hamisu ke rubuta lamba bakwai, yakan ja mata layi a ciki. Na ce wa mai babur ya tsaya.

Wallahi ban san lokacin da na shiga gonar nan da babbar riga ba. Igiya ce aka ja daga kara zuwa kara, faya-fayai na reto a jikinta. An huda kowanne a gefe da ƙusa mai zafi an zura zare. Wasu ruwa ya shiga sun yi baƙi, wasu bayansu ya ɓare yana tashi, wasu kana ganin sararin sama ta cikinsu, ga kashin tsuntsu a jiki. Ban san wane ne a kan kowanne ba, amma na san a cikinsu akwai mutanen da ko jikokinsu ba su taɓa jin muryarsu ba, kuma na san akwai karatun Alƙur'ani. Na bi igiyar nan ina karanta lambobi, sai a layi na uku na sami lamba arba'in da ɗaya.

Gonar ta mijin Ladidi ce, Sani. Da na nuna masa sai ya rikice. Ya ce, “Baba, wallahi ban sani ba. Lamba ce kawai a jiki. Ba mu da abin sa su, yanzu kowa memori yake sawa a waya. Sun shekara biyar a rumbu, na ga gara su yi amfani.” Ladidi ta fito tana kuka. Na so in yi faɗa, amma da wa? Yaron nan geronsa yake karewa, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa abin da ke hannunsa. Kundin bayanin yana Kano a cikin durowa, mai bakin faɗa kuma yana Rogo ya yi shiru. Muka kwance su duka a ranar, Sani da kansa ya hau yanke zaren.

Ga inda na fi jin ƙyamar kaina. A ɗakina ina da DAC ɗin Hamisu da tsohuwar DVD ɗinsa. Amma da na riƙe faifan mahaifina, sai zuciyata ta ce abu mai daraja irin wannan ba a sa shi a tarkace. Ni da na ci gyaɗar jarrabawa da bakina! Washegari na shiga bas na tafi Kano.

Kabiru ya karɓe ni hannu biyu, ba zan ɓoye ba. Ya kai ni wani ɗaki da ya ware don sauraro kawai. Tiransifot ta mahaifinsa tana gefe a lulluɓe, ya sayi wata sabuwa da ta fi ta, wayoyinta kauri kamar igiyar rijiya, an ɗora su a kan 'yan katakai don kada su taɓa ƙasa. Wayoyi ba sa taɓa ƙasa, muryar malamai tana reto a gona. Na ciro faifan daga aljihu na kwance hankicin da na naɗe shi. Ya karɓa da yatsa biyu ya ɗaga shi sama, ya ce, “Baba, wannan ba zai ɓata mini idon na'ura ba kuwa?” Ya sa. Bakin ya rufe a hankali ba ƙara, na'ura ta yi ɗan gurnani, ta rubuta cewa babu faifai. Ya sake sawa, haka. Muka buɗe ta mahaifinsa, ita ma ta tofo shi. Ya ce ai irin waɗannan ba su cika son faifan da aka juya a gida ba, balle mai rauni. Sai ya ɗauko wani faifan kiɗan Turawa zai sa mini don in ji yadda ɗakin ke amsawa. Na ce ya bari, ya ba ni kundin mahaifinsa. Sai da aka yi awa guda ana nema, aka same shi a ƙarƙashin takardun mota. Da na gaya masa inda na samo faifan ya sunkuyar da kai. Ɗan kirki ne, kuma don son mahaifinsa ya sayi akwatin farko. Amma shekara bakwai yana gardama a kan ɗan aike, bai taɓa tambayar ina wasiƙun suke ba.

Na dawo Rogo da hantsi washegari. Na kakkaɓe tsohuwar DVD, na haɗa ta da ɗan akwatin yadda na ga Hamisu yana yi, na wanke faifan da ruwa mai tsabta na shanya a inuwa. Na sa. Ta yi ta ƙugi tana nema, har na fid da rai. Sai na ji muryar Hamisu, ƙarau, yana faɗin sunan mahaifina da sunan unguwarmu. Sai gyaran murya. Sai bisimilla. Ina tsaye ne, na zauna a ƙasa.

Minti goma sha ɗaya ta yi tana karantawa lafiya. Daga nan sauti ya fara tsalle, ya maimaita kalma ɗaya sau da yawa, ya tsaya cik. Na gwada har sau biyar, na kai wa masu kwamfuta a Karaye su ma suka gwada, ba a wuce nan ba. Ashe faifai daga tsakiya yake fara karatu ya nufi gefe. Farkon yana ciki, inda rana ba ta gama ci ba. Ƙarshen yana baki, daidai inda ƙusa ta huda.

To Kabiru, ga amsarka, ka kai wa mutanen zaurenku. Ba na cewa mai araha ta fi mai tsada, wataƙila sa'a ce ta sa tsohuwar ta karanta, kuma wanda Allah ya hore wa yana son ƙarfe mai ƙyalli a ɗakinsa ba zan hana shi ba. Amma a kan faifai mai lafiya, da DAC mai kyau, kunnena da naka sun kasa bambanta su a bayan labule, kuma mu biyun mun san haka. A kan faifai marar lafiya kuwa, tsadar ba ta karanto ko harafi ɗaya ba. Da mahaifinka zai leƙo yau, ba na jin wannan gardamar za ta ɗauke masa minti biyu. Zai tambaye mu ina buhunansa biyu, kuma babu ɗayanmu da zai iya haɗa ido da shi.

Yanzu ina yawo da kundi mai baƙin bango gida-gida wurin magada. Wasu faya-fayan na same su a ƙarƙashin gado lafiya lau, wasu an yi wa babur ado da su, wasu an ce yara sun yi wasa da su sun ɓata. Duk wanda ya karantu, a ranar nake kai shi a kwafa wuri uku, in kira iyalan mai muryar in ba su nasu. Kabiru ya aiko da kwamfuta don aikin, Allah ya saka masa. Abin da ya rage na Hamisu ke nan, ba akwati ba, wannan nacin nasa na a kwafa tun ana iyawa, wanda ya yi ta yi mini ina cewa gobe. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan mahaifina, ya yafe mana sakacinmu.

Minti goma sha ɗayan nan kuwa yanzu suna wayar kowane ɗa da jika na gidanmu. Suna saurara su ce ma sha Allahu, Kaka akwai murya. A wurinsu karatu ne da ya katse. Ni kaɗai na san cewa can gaba tsohon zai shafa addu'a, ya yi dariya, ya aika a kira Balarabe. Ranar da ya aika ban shiga ba, yanzu kuma kullum ina zaune a gaban akwatin har ya tsaya, kiran ba ya zuwa.